Tambaya da Amsa: Yaya Aka Yi Eagles Ta Ɗauki Kofi Alhali Chiefs Ta Fi Ta Cin Wasa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ina da shagon gyaran waya a Tudun Wada, kuma ƙwallon Ingila na sani tun ina yaro. Ƙanena da ke karatu a Amurka ne ya jajibo mini zari-rugarsu, har na hana idona barci na kalli wasan ƙarshe na Fabrairun 2025. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ya ce Kansas City Chiefs wasa 15 ta ci a kakar, Philadelphia Eagles kuma 14, amma Eagles aka miƙa wa kofi. A Firimiya ai wanda ya fi maki shi ne zakara. Wannan wane irin lissafi ne? Sannan me ya sa suka ajiye Barkley a benci ana saura ƙiris ya kafa tarihi?

Mai karatu, Tudun Wada, Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Sannu da kwanan zaune, domin wasan nan sai wajen sha biyu da rabi na dare agogonmu aka take shi.

Ka ajiye teburin Firimiya a gefe tukuna. Gasar NFL ƙungiyoyi 32 ne, an raba su gida biyu, AFC da NFC, kowane gida kuma an kasa shi rukuni huɗu. Daga Satumba zuwa farkon Janairu kowace ƙungiya tana buga wasa 17 kacal. Jiki ba zai ɗauki 38 ba, ka dai ga yadda ake karo. Wasannin nan 17 ba su ba kowa kofi, neman gurbi kawai ake yi da su. Ƙungiyoyi 14 ne ke tsallakewa, bakwai daga kowane gida, daga nan a shiga sili-ɗaya-ƙwale. Ba gida da waje, ba ramuwa. Aka doke ka sau ɗaya, sai ka tattara komatsanka sai baɗi. Wadda ta tsira a AFC da wadda ta tsira a NFC su ke haɗuwa a wasan ƙarshe na ɗaukar kofi.

Yawan cin wasa yana da amfaninsa: wadda ta zo ta ɗaya a gidanta tana hutawa a zagayen farko, kuma a filinta ake zuwa a same ta. Iyakar ladan ke nan. Detroit Lions ma wasa 15 ta ci a wannan kakar, ita ce ta ɗaya a NFC, amma Washington Commanders ta bi ta har gida ta lallasa ta 45 da 31 a wasanta na farko na sili-ɗaya-ƙwale. Wata huɗu na wahala, dare ɗaya ya cinye.

Ita Eagles da tabo ta shigo kakar 2024. A kakar da ta gabata ta ci wasa 10 cikin 11 na farko, sannan ta rushe, Tampa Bay ta yi waje da ita da ci 32 da 9. Mutanen Filadelfiya ba su da haƙuri a kan ƙwallo, har ana ta kiran a kori kociyansu Nick Sirianni. Ba a kore shi ba. An dai kawo masa sababbin mataimaka biyu, Kellen Moore a ɓangaren kai hari da dattijo Vic Fangio a ɓangaren tsaro, aka kuma ɗauko gwanin ruga da ƙwallo Saquon Barkley daga maƙwabta abokan gaba, New York Giants. Sun buɗe kakar a Sao Paulo ta Birazil da doke Green Bay 34 da 29, amma bayan wasa huɗu biyu suka ci biyu aka ci su, surutu ya dawo sabo. Daga nan ne suka jera nasara goma ba tsayawa.

Idan ka tambaye ni sirrin, ba Barkley zan fara nuna maka ba, duk da shi kyamara ke bi. Ka dubi ƙartin nan biyar da ke durƙushe a gaba kafin a saki ƙwallo. Su ke buɗe masa hanya. Akwai Lane Johnson, akwai Jordan Mailata, ɗan Ostireliya da ya haura kilo 150, wanda bai taɓa buga wannan wasa ba kafin Eagles ta ɗauke shi a 2018. A wasan nan dama huɗu ake ba ka ka ci yadi 10. Idan ya rage yadi ɗaya, sai ƙartin su duƙa, madugunsu Jalen Hurts ya rungume ƙwallo, na baya su turo shi kamar yadda ake tura motar da ta mace a Kawo. Kowa ya san abin da za su yi, amma tare shi ya gagara. Ba wasa ne mai kyan gani ba, ni ma ba ya burge ni, sai dai yana cinye lokaci yana gajiyar da abokan karawa.

Yanzu batun benci. Barkley ya ruga yadi 2,005 a wasa 16, shi ne mutum na tara a tarihin gasar da ya kai 2,000. Tarihin da ake hari na Eric Dickerson ne, yadi 2,105, tun 1984. Yadi 101 ya rage masa, kuma wasa na 17 da Giants ne, waɗanda suka sake shi. Kowa na son ganin haka. Amma Eagles ta riga ta kama matsayi na biyu a NFC, ci ko rashin ci ba zai motsa ta ba. Sirianni ya zaunar da shi, kuma ni ina bayansa ɗari bisa ɗari. Mai ruga da ƙwallo shi ya fi kowa shan duka a fili, gwiwa ɗaya ta goce shi ke nan an yi asarar kakar gaba ɗaya saboda lamba a takarda. Chiefs ɗin ma haka ta yi a ranar, ta hutar da manyanta, Denver ta ci ta 38 da nema, ko a jikinta.

Ka ga abin da hutun ya haifar. A sili-ɗaya-ƙwale Eagles ta fitar da Green Bay 22 da 10. Da Los Angeles Rams, cikin dusar ƙanƙara, Barkley ya ruga yadi 205 aka tashi 28 da 22. Da Washington, taɓa ƙwallonsa na farko ya yi yadi 60 har ƙarshen fili inda ake cin maki, aka ƙare 55 da 23. Idan aka haɗa duka kakar, yadi 2,504 ya yi, wanda ba a taɓa yi ba.

Wasan da ka kalla kuwa, na 9 ga Fabrairu a New Orleans, Chiefs ta zo neman kofi na uku a jere, kuma ita ce ta doke Eagles 38 da 35 a wasan ƙarshe shekara biyu kafin nan. Ta tare Barkley, yadi 57 kawai ya samu. Sai masu tsaron Fangio suka karɓi aikin. Mutum huɗu kawai yake turawa su farauci madugun Chiefs Patrick Mahomes, sauran su tsare baya, amma sau shida suka kayar da shi da ƙwallo a hannu. Wani sabon yaro, Cooper DeJean, ya cafke jifar Mahomes ya ruga da ita har ya ci maki a ranar da ya cika shekara 22. An tafi hutun rabin lokaci 24 da nema, har aka kai 34 da nema. Sakamakon 40 da 22 da ka gani ya rufa wa Chiefs asiri ne, yawancin makinta ta same su bayan an gama magana. Hurts aka ba gwarzon wasa.

Wani abu da ƙanenka bai faɗa maka ba: a cikin masu tsaron Eagles akwai Moro Ojomo, haifaffen Legas, wanda aka tafi da shi Amurka yana yaro. Kuma kada ka nemi waɗanda suka faɗa gajiyayyu, babu wannan a can. Wadda ta zo ta kashin baya ita ake fara ba damar zaɓar gwanin 'yan wasan jami'a a watan Afrilu. Idan kana son bin kakar daga farko ba sai ka kwana a zaune ba, wasannin farko na ranar Lahadi da ƙarfe shida na yamma agogonmu suke farawa, daga Nuwamba kuma su koma bakwai.