Na tura gyara a GitHub, wata guda shiru

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne a Zariya. Na ga wata manhaja a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, na sake rubuta wani babban sashenta don ta ƙara sauri, na tura wa masu kula da ita. Yau wata guda ke nan ba wanda ya ce mini uffan. Ko raina mu suke yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ba raini ba ne. Galibin manhajojin da lambobinsu, wato rubutun da aka gina su da shi, ke buɗe ga kowa, mutum ɗaya ko biyu ne ke kula da su, kuma sai sun tashi daga aikin da suke ci da shi. Duk layin da ka tura sai sun karanta shi, sun gwada, kuma in ya shiga, su ne za su ci gaba da ɗawainiyarsa shekara da shekaru, ko da kai ka daina leƙowa.

Akwai tsoro kuma. A watan Maris na 2024, Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya gano wata ɓoyayyiyar kafar kutse a xz, manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfutoci da yawa. Wanda ya dasa ta ya shafe wajen shekara biyu yana tura gyare-gyare har mai kula da manhajar, wanda aiki ya yi wa yawa, ya amince da shi. Bayan wannan, wa zai karɓi babban gyara daga baƙo ido rufe?

Don haka ka koma baya kaɗan. Ka karanta fayil ɗin CONTRIBUTING, nan suke rubuta ƙa'idojinsu. Ka duba ranar da aka karɓi gyara na ƙarshe. In an shekara ba motsi, wataƙila an yi watsi da manhajar ne. In tana raye, ka shiga sashen Issues, inda ake kai rahoton matsaloli, ka bayyana matsalar da ka gani, da ma'aunin saurin kafin gyaranka da bayansa, ka tambaye su ko suna son a taɓa wurin. Sannan ka rarraba aikin ƙanana-ƙanana, kowane gyara da manufa ɗaya. Tunatarwa sau ɗaya cikin ladabi ba laifi ba ce. Ni a ganina ma, gara gyaranka na farko ya zama cikin waɗanda aka yi wa alamar good first issue, wato aiki mai sauƙi ga sabon shiga, a manhajar da kai kanka kake amfani da ita kullum.

Tambaya: Malam, ni ba ni da kwamfuta sai wayar Android, kuma ban iya rubuta manhaja ba. Akwai abin da zan iya taimakawa da shi?

Amsa: Sosai kuwa, 'yar'uwa. Common Voice, shirin da Mozilla, masu burauzar Firefox, ta fara a 2017, yana tara muryoyin mutane don koya wa na'ura jin magana, kuma akwai Hausa a ciki. Da burauzar wayarki za ki karanta jimloli, ki kuma saurari na wasu ki tantance. Manhajoji da yawa kuma suna karɓar fassara ta dandalin Weblate. Ko rahoton matsala babban taimako ne, in kin faɗi samfurin wayarki, da sigar manhajar, da matakan da kika bi har ta tsaya, tare da hoton allo. Ki dai goge lambar waya da sunayen mutane daga hoton kafin ki tura, domin kowa zai iya ganinsa.