Eriyar agogon tasha ba irin ta mota ba ce

Jiya muna saukowa daga ƙarfen sabis ka ce min: "Maigida, wai me ya sa sai an sayi eriyar GPS ɗin nan mai tsada, mai kama da kan harsashi? Ƙaramar nan mai maganaɗisu da ake liƙa wa mota ai ita ma tana kama tauraro." Ka ga ban tanka maka ba har muka shiga mota. Raina ne ya ɓaci, kuma ba kai ka ɓata shi ba. Maganar da ka yi ita ce sak wadda wani ɗan kwangila ya taɓa faɗa min, mutumin da har gobe in na tuna shi sai abinci ya fita kaina.

Mota inda take take nema, in ta kuskure da mita biyar ba wanda zai mutu. Tashar sabis ɗin waya kuwa ta san inda take, ba ta motsi. Na'urar GPS ɗinta takan yi kwana guda tana auna matsayinta, ta kulle shi, daga nan abin da take karɓa daga tauraron ɗan Adam lokaci ne kawai. Tashoshin 4G da 5G masu aikawa da karɓa bi da bi a kan zango ɗaya, dole kuskuren agogonsu kada ya wuce maikirosakan 1.5 (maikirosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan). In ya zame, wannan tasha tana magana lokacin da maƙwabciyarta ke saurare, su toshe wa juna kunne.

To, tasha shida mutumin nan ya ba ni. Na rubuta masa kayan da zai sayo: eriya mai ƙarin ƙarfi desibel 40 (ma'aunin ƙarfin sigina ke nan) da filta mai tace sigina a ciki, kebul mai kauri LMR-400, da na'urar kare tsawa ga kowace tasha. Ranar fara aiki ya buɗe but ɗin motarsa, sai ga kwalin eriyoyin bin sawun mota da naɗin siririn kebul RG-58. Na ce Alhaji, wannan ba abin da na rubuta ba ne. Ya ce, "GPS ai GPS ne, Malam. Ku masu aikin hannu kun cika son kashe kuɗin mutane." Na zana masa lissafin a bayan kwalin. Siginar tana tasowa daga nisan kilomita 20,200, kafin ta iso ƙasa ta yi raunin da hayaniyar iska ma ta fi ta ƙarfi. A zangon GPS na L1, wato megahaz 1575.42, RG-58 yana cinye fiye da rabin desibel a kowace mita. Daga inda eriya za ta zauna zuwa ɗakin kaya mita 40 ne. Eriyarsa desibel 28 take bayarwa. Me zai rage? LMR-400 a wannan tsawon desibel 7 kacal zai ci. Ko kallon kwalin bai yi ba. Ya ce in saka, in an samu matsala wuyansa.

Na riga na karɓi kafin alƙalami, na ɗauko yara huɗu, kuma mutumin kirki ne ya haɗa mu, ina jin nauyinsa. Na saka. Don in rage tsawon kebul sai na sauko da eriyoyin ƙasa-ƙasa, dab da rufin kwano, inda sigina ke dukan kwanon ta dawo wa eriya a makare. Ranar gwaji fitila ta yi kore a duka shidan. Ya dube ni yana murmushi, ya ce, "Ka gani ko?" Lokacin hunturu ne, ba ruwa ba hadari.

Damina na faɗuwa aka fara kirana cikin dare. Roban eriyoyin rana ta riga ta gasa shi ya tsattsage, ruwa ya bi ta nan ya gangara cikin kebul. Na yanke ɗaya a gaban yarana, tagullar ta koma kore shar, ruwa na ɗiga daga ciki. A tasha biyu kuma ba ruwa ne ba, rashin filta ne: manyan eriyoyin tashar da ke samansu suka cika ɗan amfilifayan da ke ƙara wa sigina ƙarfi a cikin eriyar da hayaniya har ya daina jin tauraro. Agogon ciki ya riƙe na 'yan sa'o'i, sannan ya fara zamewa. Sai aradu ta faɗa kusa da tasha ta biyar, ta bi kebul ɗin da ba a sa masa kariya ba, ta ƙone katin na'urar da ke riƙe wa tashar lokaci ƙurmus.

Ka san abin da ya gaya wa masu tashar? Wai aikina ne ba kyau, wai ni na canza kayan na ci rarar kuɗin. Ya riƙe cikon kuɗina gaba ɗaya, ya ce na katin da ya ƙone ne. Ba takarda, ba sa hannu, kwalin da na yi lissafi a kai an daɗe da hura wuta da shi. Babur ɗina na sayar na biya yaran nan haƙƙinsu. Kuɗin na haƙura da su, amma sunana da ya ɓata a wurin mutanen da na yi shekaru ina yi wa aiki, wannan na bar shi da Allah.

Ku yaran yanzu kun kalli bidiyo biyu a waya, fitila ta yi kore, shi ke nan kun zama injiniyoyi. Wata shida kuna neman a kira ku oga. Ba mai son ya zauna da biro da takarda.

Ba zan tsaya koya maka matse kan kebul da naɗe tef ba, wanda bai iya wannan ba ya koma sayar da katin waya. Abin da za ka duba kafin ka ce a sayo eriya: auna tsawon kebul tukuna, ka cire asararsa da ta na'urar kare tsawa daga ƙarfin eriyar, abin da ya rage ya faɗa cikin adadin da littafin na'urar ya ce. Yawan ƙarfi ma illa ne, kada ka sa mai desibel 40 a kan kebul mita biyar. Duba wutar da na'urar ke turawa ta cikin kebul, bolt 5 ce ko 3.3, kuma mai kare tsawar ya zama mai barin wutar nan ta wuce. Filta ta kasance gaban amfilifaya. Siffar kan harsashin da kake raina kuwa, ita ke hana tsuntsu zama da ƙura taruwa.

Akwai abin da ya shafe mu nan musamman. Muna kusa da layin da ya raba duniya biyu, bayan magariba saman sararin samaniya yakan rikice, sigina ta dinga rawa. Shi ya sa nake son eriya mai jin zango biyu, L1 da L5 mai megahaz 1176.45, wadda kuma ke jin Galileo na Turai da GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin, ba GPS na Amurka kaɗai ba. Amma ka tabbata na'urar da ke ƙasa ta iya amfani da su, in ba haka ba asarar kuɗi ce.

Kuma kowace mita ta LMR-400 tana jinkirta sigina kusan nanosakan 4 (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan). Mita 40 ta ba ka 160, sai ka shigar wa na'urar da hannunka ta cire. Rabin masu aikin nan ba su ma san akwai wurin shigar da shi ba.

Gobe da sassafe ka zo da tef ɗin awo da littafinka. Kai za ka auna hanyar kebul ɗin sabuwar tashar, ka yi lissafin a gabana, sannan ka kai wa mai aikin jerin kayan ya sa hannu kafin mu taɓa ko ƙusa ɗaya.