Yaron da gari ya zarga

Ɗana, na karanta babi ukun da ka aiko. Kana tambaya me ya sa yaron labarinka, ɗan shekara 15 da mutanen Kano suka zarga da leƙen asiri wa Nasara a 1903, bai taɓa zuciyar kowa ba, alhali ka nuna ƙarara sharri aka yi masa.

To, wannan nunin ne ya kashe labarin. Tun shafi na biyu ka wanke shi tas, ka mai da dattawan unguwa wawaye. Ka tuna halin da gari ke ciki: Sarki Alu ya tafi Sakkwato da mahaya, rundunar Turawa ta taso daga Zariya, an ji yadda ta ci garin Bebeji da yaƙi a kan hanya. A irin wannan mako, yaron da aka gani yana ƙus-ƙus da baƙo a bakin ganuwa, ko ni ne mai unguwa sai na sa an kama shi. Sai zargin ya zama na masu hankali kafin ya yi ciwo.

Sannan ka cusa masa maganar zamaninmu a baki, wai yana neman haƙƙinsa na ɗan Adam. Wa ya koya masa? Dubi Huckleberry Finn na Mark Twain, wanda ya fito a Amurka a 1885. Yaron littafin, Huck, ya taimaki Jim, bawa, ya gudu ta kogin Mississippi, kuma a dokar lokacin wannan sata ce. Abin da ya sa labarin ya rayu shi ne Huck kansa ya yarda da hukuncin jama'a. Ya rubuta wasiƙar tona asirin Jim, ya yage ta, yana mai imani cewa wuta ya saya wa kansa. Mai karatu ne kaɗai ya san alheri ya yi. Naka yaron ma ya kamata ya kwana yana tuhumar kansa: anya ban faɗa wa baƙon nan abin da bai kamata ba?

Kowane zamani da abin da manya ke tsoro. A The Outsiders na 1967, wanda S. E. Hinton ta rubuta tana 'yar sakandare, samarin garin Tulsa na Amurka gashinsu da unguwarsu kawai aka duba aka ce 'yan iska ne. Nan gida kuma Balaraba Ramat Yakubu, a Wa Zai Auri Jahila?, ta ɗauko yarinyar da aka cire daga makaranta, sannan aka juyo ana yi mata gorin jahilci. Ka ga nan ba a bakin ganuwa ake zargin ba, a cikin gida ne.

Wani abu kuma: ɗan shekara 15 a Kanon wancan lokaci ba zaman kashe wando yake ba. Yana da allo, yana da sana'a, ƙila yana ɗauko baba a marinar Ƙofar Mata ko yana bin ubangidansa Kurmi da kaya a ka. Ba shi aikin da zai haɗa shi da baƙon ba tare da ka ja shi da igiya ba.

Ka cire jawabin nan na babi na biyu gaba ɗaya. Ka bar mai unguwa ya fara magana, kuma ka ba shi hujja mai ƙarfi. Ka kawo min ranar Asabar.