Sunan Lev: Na Rashawa Ne Ko Na Yahudawa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko sunan Lev na Rashawa ne ko na Yahudawa, tunda ka ga kowane ɓangare na amfani da shi. Amsar ita ce na duka biyun ne, amma kowa da hanyar da ya bi ya same shi.

A Rashanci Lev na nufin zaki, kuma ta coci ya shiga, daga sunan Girkanci Leon. Su kuwa Yahudawan gabashin Turai suna da Leib a harshen Yiddish da Aryeh a Ibrananci, dukansu zaki. Tushen abin yana cikin Attaura, inda Annabi Yakubu ya kamanta ɗansa Yahuza (Yehuda a Ibrananci) da ɗan zaki, shi ya sa ake yawan haɗa Yehuda Leib. Da 'ya'yansu suka fara shiga makarantun gwamnati da birane a ƙarni na 19, sai Leib ya koma Lev a takardu. Sunan ya ƙara kwanta musu don a Ibrananci lev zuciya ce. Misali, Trotsky, Bayahude ɗan juyin juya halin Rasha wanda aka haifa a 1879, asalin sunansa Lev Bronstein. Haka Lev Landau, masanin kimiyya mai kyautar Nobel ta 1962, shi ma Bayahude ne.

Kada dai ka yanke hukunci da suna kawai: marubucin Rasha Lev Tolstoy ba Bayahude ba ne. In asalin wani dangi kake bi, nemi masanin da ke iya karanta tsofaffin rajistocin haihuwa na Rashanci da Ibrananci, don mutum ɗaya kan fito da suna biyu ko uku.