Taron cikar kamfani shekara 10: a ci bashi ko a fara tarawa tun yanzu?

Wani Alhaji mai sayar da kayan gini a nan Damagaram, siminti da rodi da kwano, ya aiko mana da tambaya. Kamfaninsa zai cika shekara 10 a ƙarshen bana, yana so ya tara masu sarin kayansa na Mirya, Magarya, Matamaye, Tanut da Gure, haɗe da ƴan kwangila da wakilan kamfanonin da yake ɗauko kaya a wurinsu, mutum wajen 300. Ya ƙiyasta sefa miliyan 8. Muna cikin watan Maris, ƙannensa da suke kasuwancin tare kuwa sun ce a bari sai saura wata guda, a ciri kuɗin cikin na odar siminti ko a karɓo a banki. Yana so ya ji ko gaggawa yake yi, kuma daga ina ya kamata kuɗin su fito.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a wannan shekara goma. Ba ka yi gaggawa ba ko kaɗan. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma watanni takwas ɗin nan da ke gabanka su ne za su biya maka taron, in ka yi aiki da su. Ka raba miliyan 8 gida takwas, ka ga miliyan guda ke nan kowane wata. Ka buɗe wa taron asusu nasa daban, duk ƙarshen wata ka zuba masa daga riba. In wata biyu suka wuce ka ga ribar ba ta iya fitar da miliyan guda ba sai an matsa wa shago, to kasuwar ce take gaya maka taron ya fi ƙarfin kamfanin a bana. Sai ka rage shi ya koma na miliyan 5 ko 4, babu abin kunya a ciki.

Abin da ba zan goyi bayansa ba shi ne taɓa jari. Ka duba lokacin da ƙannenka suke so a ciri kuɗin odar siminti: Oktoba zuwa Nuwamba, daidai lokacin da damina ta ɗauke, manoma sun sayar da wake da gyaɗa da riɗi, kowa ya tashi gini. Lokacin cinikinka ke nan na shekara. Ka tara mutum 300 ka nuna musu girman kamfani, washegari mai sari ya kira daga Magarya yana son tirela guda ka ce masa sito babu kaya, me aka yi ke nan? Bashin banki ma haka. Ana cin bashi ne a kan abin da zai juya ya biya kansa, kamar mota ko kaya. Shinkafa da naman da aka ci rana guda ba sa biyan ruwan banki, ga kuma nauyin zunubin kuɗin ruwa da yawancinmu ba ma son ɗauka a wuyanmu.

Akwai wata ƙofa da mai shirin wata guda ba ya samunta a buɗe. Kamfanonin da kake ɗauko kaya a wurinsu, na siminti, na fenti, na kwano, suna da kason talla, kuma taron da zai haɗa musu masu sari daga duk faɗin jihar Damagaram abin so ne a wurinsu. Sai dai kuɗinsu ba ya fita da kiran waya. Takarda ake rubutawa, ta bi ofis-ofis, wani lokaci har Yamai ko Kano, kafin a sa hannu. Ka rubuta musu cikin Afrilu, ka faɗi adadin baƙi da garuruwansu, ka ba kowannensu rumfar baje koli da ƴan mintuna na magana. Wani zai ɗauki nauyin zaure, wani ya ba da riguna da huluna, wani ya ba da kayan da za a raba kyauta ga masu sarin da suka fi ƙoƙari. Duk abin da suka ɗauka ya sauka daga wuyanka. Amma ka tabbata alkawarin a rubuce yake, kuma kada ka lissafa shi cikin kuɗin hannu sai ya iso.

Yanzu maganar rana, wadda ita ce ta fi komai wuya a garin nan. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, ga ƙarancin ruwa, ga ɗauke wuta. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, masu sarinka na ƙauye rabinsu suna gona, hadari guda kuma ya isa ya kwashe rumfuna. A ƴan shekarun nan azumi yana faɗowa cikin Fabrairu da Maris, Babbar Sallah kuma wajen Mayu da Yuni, kowace shekara suna matsowa baya da kwana 10 ko 11, don haka ƙarshen shekara ya kuɓuta daga gare su. Ni dai Nuwamba nake ba ka shawara, daga tsakiyarta zuwa ƙarshe. Zafi ya sauka, kuɗin kaka sun shigo hannun mutane, hazon hunturu bai yi kaurin da zai hana jirgi sauka ba. In ka shiga Disamba ka shiga hidimar 18 ga wata, ranar Jamhuriya, kuma manyan da kake so su halarta hankalinsu yana can. Mu da muka ga Zinder Sabuwa, bikin ranar Jamhuriya da aka yi a garin nan a 2018, mun san yadda irin wannan hidima take janye kujera da rumfa da lasifika da masauki gaba ɗaya.

Ko a cikin Nuwamba ma ba kai kaɗai ba ne. Ƙarshen shekara ne ƙungiyoyi da ma'aikatu suke rige-rigen kammala tarukansu, bukukuwan aure ma suna yawa bayan kaka, zaurukan da za su ɗauki mutum 300 a Damagaram kuwa ba su da yawa. Shi ya sa nake so ka kama zaure kafin Mayu ta fita. Sannan ka zauna da jerin masu sarinka ka rubuta ranar kasuwar garin kowa. Alhamis ta Kasuwar Dole ce, Lahadi ta Mirya, Juma'a kuma rabin yini ce. Ɗan kasuwa ba zai bar ranar cinikinsa don walimarka ba, komai girmanka a idonsa, sai dai ya turo yaro. Ka zaɓi ranar da ta fi ƙarancin karo da kasuwanni.

In ka je kama zaure, kada ka tsaya a kan kyan fenti da yawan kujeru. Ka tambayi injin wuta, wato gurup: nawa ne ƙarfinsa, zai ja na'urorin sanyaya ɗaki da lasifika lokaci guda, wa zai sayi gazuwal, kuma ka ce a tayar maka da shi ka gani da idonka. Ka tambayi ruwa. Garinmu a kan dutse yake zaune, ruwan famfonmu daga nesa ake jawo shi, irin su Gogo da Arunguza, kuma kowa ya san yadda yake yankewa. Mutum 300 za su yi alwalar azahar, za su shiga bayi, masu girki za su yi wanke-wanke. In wurin ba shi da tanki babba, ka sa kuɗin tankar ruwa cikin lissafi tun yau, ka yi magana da mai ita da wuri. Na sha ganin taron da aka kashe wa dukiya, abinci ya yi kyau, jawabi ya yi kyau, amma abin da baƙi suka tafi da shi a baki shi ne an rasa ruwan alwala.

Duk wanda za ka yi ciniki da shi, mai zaure, mai girki, mai rumfa, mai ɗaukar hoto, a rubuta. Rana, adadi, farashi, abin da aka bayar na kafin alƙalami, da ranar biyan ciko. Kada kafin alƙalami ya wuce kashi ɗaya cikin uku, ciko kuma sai an gama aiki. A rubuta abin da zai faru in shi ya saɓa, da abin da zai faru in kai ka ɗaga rana. Tun da da sunan kamfani za a kashe kuɗin, ka nemi rasit mai ɗauke da lambar NIF, wato lambar rajistar haraji ta mai sayarwa, kuma ka tambaya tun farko ko farashin da aka faɗa maka ya haɗa da harajin TVA. Kashi 19 cikin 100 ne, in ya faɗo maka a ƙarshe a kan miliyoyi ba ƙaramin rami zai yi maka ba.

Kayan da ba sa lalacewa, riguna, huluna, jakunkuna, kalanda, allunan talla, ka gama da su kafin Satumba. In a nan gari za a buga maka, madalla, kuɗin sun zauna a gida. In Kano za ka aika, ka tuna sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, Naira kuwa hawa da sauka take yi, don haka ka sayi kayan a lokacin da canji ya yi maka daɗi, ba lokacin da dole ta sa ka ba. Iyaka ma ba abin dogaro ba ce: Najeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 har Disambar 2020, an sake rufewa a 2023 har cikin Maris na 2024. Shinkafa, mai da sukari za ka iya saye sannu a hankali. Dabbobin yanka kuwa ka guji sayensu gab da Babbar Sallah.

Manyan baƙi suna da tasu hanya. Fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram ba a aika mata da kati kamar sauran mutane. Ka je da kanka da dattawan kasuwa, ka kai gaisuwa, ka sanar, ka nemi albarka, wata biyu ko uku kafin ranar. Ofishin gwamna, hukumar birni da reshen majalisar ƴan kasuwa a rubuta musu takarda, a kuma sanar da jami'an tsaro a rubuce. Baƙin Yamai suna da tafiyar kilomita wajen 900 a gabansu, yini guda cur a mota, saboda haka su iso ana gobe taro, kuma ɗakunansu a kama tun da wuri. Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011 baƙin aiki suka ƙaru a garin, ɗakin otal mai kyau ba kullum ake samunsa a banza ba.

Game da adadi, kai ma ka san halinmu: ka gayyaci 300, 500 su zo, kuma ba ka iya korar kowa. Ka raba taron biyu. Da hantsi a yi zaman kasuwanci a cikin zaure, da katin shiga, masu sari da ƴan kwangila da wakilan kamfanoni kawai. Bayan azahar a yi walima a fili ƙarƙashin rumfuna, a dafa da yalwa, a ware wa mata wurinsu da masu yi musu hidima. Maroƙa da makaɗa za su zo ko an kira su ko ba a kira su ba, ka ware musu kasonsu a hannun mutum ɗaya. A kan duk lissafin kuma ka ajiye kashi 15 cikin 100 da ba za a taɓa ba sai makon taro.

Zaman hantsin nan shi ne dalilin kashe kuɗin, kuma shi ne na fi so ka ba lokacinka. Ka shirya teburin karɓar oda da magatakarda biyu. Ka sanar da rangwame na musamman ga duk wanda ya ba da odar rani a ranar ya kuma ajiye wani abu a kai. Masu tsohon bashi ka tuntuɓe su a asirce tun watanni kafin taro, ka ce kana so a shiga sabuwar shekara da littafi mai tsabta, mutum da yawa za su biya don su zauna a sahun gaba da sakin fuska. Ka karrama waɗanda suka daɗe tare da kai a gaban jama'a, har da direbobi da ƴan dako, domin su ma da guminsu aka kai shekara goman. A rubuta suna da lambar wayar duk wanda ya shiga, cikin mako biyu bayan taro a kira kowa a tabbatar da odarsa.

Ƙannenka kuwa kada ka bar su a gefe suna kallo. Ka damƙa wa ɗaya asusun da rasitai, ɗaya kuma baƙi da masauki, kai ka riƙe kamfanoni da fada, ku riƙa zama sau ɗaya a wata, daga Oktoba kuma kowane mako. A wannan makon ka buɗe asusun ka zuba miliyan na farko, ka zagaya zauruka uku ka ji farashinsu, ka kuma rubuta jerin ranakun kasuwannin masu sarinka. In ka tsayar da rana ka sake rubuto mana mu duba takardar da za ka aika wa kamfanonin.