Filin Tambaya da Amsa: Ƙaramin Jirgin Ƙasa a Kan Tebur

Wasiƙun wannan wata kusan duk kuka ɗaya suke yi: an shimfiɗa layi, an ƙawata tebur, jirgi kuma ya ƙi tafiya yadda mai shi yake so. Na zaɓi huɗu daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na shimfiɗa layin dogo na ma'aunin HO (wato 1:87, komai ya ƙanƙanta sau 87 a kan na gaske) a kan faifan katako mai tsawon mita biyu da rabi. Da farko jirgin yana zagayawa lafiya lau. Tun da na zuba tsakuwa na manne ta da gam, sai ya koma tafiya da kyar, fitilarsa na ƙiftawa, in ya kai can ƙarshen tebur ya tsaya cak sai na tura shi da yatsa. Injin ne ya lalace? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka kwance injin nan tukuna, ina kyautata zaton lafiyarsa ƙalau. Ka tuna yadda wuta take isa gare shi: daga na'urar sarrafa gudu ta shiga ƙarfen layi ɗaya, ta hau ta ƙafafun injin, ta juya motar da ke ciki, ta sauko ta ɗaya ƙarfen. Wutar kusan bolt 12 ce kawai, wurin da ƙafa take taɓa ƙarfe kuma bai fi kan allura ba. Ɗan gam da ya bushe a saman ƙarfen, wanda ido ma ba ya gani, ya isa ya yanke ta.

Fara da sharewa. Ka kankare busasshen gam da ɗan guntun katako, sannan ka goge da tsumma mai tsabta da ka jiƙa da sifirit. Ina roƙonka ka nisanci samfefa. Tana sa ƙarfe ƙyalli nan take, amma tana barin ƙananan zane waɗanda datti zai riƙa taruwa a ciki har abada. Ƙafafun injin ma suna buƙatar wanka: shimfiɗa tsumman a kan layi, ɗora rabin ƙafafun a kansa, sauran a kan ƙarfe, ka riƙe injin da hannu ka ba shi wuta su juya. Baƙin da za ka gani a tsumman zai ba ka mamaki.

Sai dai tsayawar da yake yi a can nesa tana nuna min wani abu dabam. Guntayen layi ana haɗa su ne da 'yan ƙarafa masu zamewa a kowace gaɓa, kuma ta cikinsu wuta take ratsawa daga guntu zuwa guntu. Ruwan gam ya shiga cikinsu ya bushe. Gwajin mai sauƙi ne: in jirgin ya tsaya, bar wutar a kunne, ka bi gaɓoɓin da ke kusa ɗaya bayan ɗaya kana danna su da bakin sukudireba. Inda ka danna jirgin ya motsa, nan cutar take.

Maganin da zai dore shi ne ka daina dogara da gaɓoɓin nan gaba ɗaya. Ja wayoyi biyu masu kauri a ƙarƙashin tebur, su bi layin tun daga farko har ƙarshe. A kowace mita guda ka huda ɗan rami, ka fito da siririyar waya daga kowace ɗaya, ka liƙa ta da dalma a gefen ƙarfen ta waje, don kada ƙafa ta yi karo da ita. Ka yi amfani da launi biyu, ja ga ƙarfen waje, baƙi ga na ciki, kada ka sauya ko sau ɗaya. Ƙarfen da ake yin layin zamani da shi ba ya saurin dusashewa, amma bai kai jan ƙarfe iya ɗaukar wuta ba, shi ya sa nesa take raunana ta.

In kuma a mararraba yake tsayawa, duba siraran harsunan nan masu motsi, wataƙila tsakuwa ko gam ya hana su manne wa ƙarfe. Wasu mararrabun, kamar Insulfrog na kamfanin Peco, tsakiyarsu roba ce, gajeren inji mai ƙafa huɗu yakan rasa wuta a kanta in yana tafiya a hankali.

Tambaya: Malam, taragona na fasinja yana sauka daga layi a wata kwana guda ta layin kullum. Na ƙara ƙusoshi a wurin, abin ya ƙara lalacewa. Ina mafita?

Amsa: Ƙusoshin nan su ne abin da zan fara zargi, ɗan'uwa. In aka buga ƙusa da ƙarfi a tsakiyar sandar da ke riƙe layi, sandar takan lanƙwashe, ƙarafan biyu su matso juna. Tazarar da ke tsakaninsu a HO milimita 16.5 ce, ragin da bai kai milimita ɗaya ba ya isa ya ɗaga ƙafa. Sassauta su.

Bayan haka ka rarrabe laifin wane ne. Taragu daban-daban na sauka a wuri ɗaya, layi ne. Tarago ɗaya na sauka a wurare daban-daban, tarago ne. Naka tarago ɗaya ne a wuri ɗaya, don haka kowannensu yana da hannu. Ka sunkuya idonka ya yi daidai da layi, ka tura taragon da yatsa a hankali, ka ga ƙafar da take fara hawa da daidai inda take hawa. Yawanci za ka tarar da gaɓa a tsakiyar kwana wadda ta yi ɗan gwiwa maimakon ta lanƙwasa sumul.

Akwai kuma batun matsin kwana. Layin da yake zuwa a kwali tare da jirgi sau da yawa kwanarsa ta inci 18 ce daga tsakiyar da'ira, wato kusan santimita 46. Gajerun taragun kaya suna wucewa, amma dogon taragon fasinja yana son santimita 56 ko fiye. In kwanar hagu ta haɗu da ta dama kai tsaye, sa miƙaƙƙen layi tsakaninsu wanda ya kai tsawon taragonka mafi tsawo.

Auna nauyinsa ma. Ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka, NMRA, wadda aka kafa a 1935, ta ba da shawarar cewa taragon HO ya yi nauyin giram 28, a ƙara giram 14 a kan kowane inci na tsawonsa. Wanda bai kai haka ba, na gaba da na baya sukan fizge shi daga layi a kwana. Manna ɗan ƙarfe a ƙasan cikinsa, a tsakiya.

Tambaya: Ni da ɗana muke gina namu. Mun yi dutse da filasta, jirgi yana ratsawa ta ƙarƙashinsa. Dutsen ya tsattsage, ya yi nauyi, launinsa kuma bai yi kama da na gaske ba. Jirgin ma ba ya iya hawan tudun da taragu biyar. Daga wata uwa.

Amsa: Sannu da ƙoƙari, Hajiya, Allah ya yi wa yaron albarka. Wasiƙarki ta faranta min rai, don wannan sashen shi ne na fi so a aikin duka.

Filasta fata ce kawai, ba ita ce jikin dutse ba. Ku saƙa ƙashin dutsen da siraran yankan kwali, ko ku jera farantan soso mai tauri irin na gini ku sassaƙa da wuƙa. Sannan ku tsoma guntayen tsumma ko takarda a filasta mai ruwa ku lulluɓe, kauri kaɗan, hawa biyu. Ba zai tsage ba, yaro ma zai iya ɗaga shi. In soso kuka zaɓa, fenti mai ruwa kawai za ku sa, fentin feshi mai sinadari yana narkar da shi. Kuma don Allah ku bar ƙofa a bayan dutsen wadda hannu zai shiga. Ramin nan sai ya buƙaci shara, wata rana kuma tarago zai faɗi a ciki.

Launi shi ne inda mutane da yawa suke kuskure, don suna shafa abin da suke zato maimakon abin da suke gani. Ku fita ku tsaya gaban dutse na gaske ku dube shi da kyau. Ba toka zalla ba ne. Akwai ruwan ƙasa, akwai ja-ja inda ruwa ya bi, lungunansa kuma sun yi duhu. Ku tsinka fenti da ruwa sosai, ku fara da mai haske, ya bushe, ku bi da mai duhu ya gangara cikin tsagogi da kansa. Daga ƙarshe ku ɗebi fari kaɗan a busasshen buroshi ku shafi goshin duwatsun sama-sama. Ciyawa ma kada ta zama kore ɗaya shimfiɗe. Ku cakuɗa kore mai duhu da mai haske da ruwan busasshiyar ciyawa, ku bar wasu wurare ƙasa tsirara. Ƙasa ta gaske ita ce ta fi kyau: a busar da ita sosai, a tankaɗe, a bi ta da maganaɗisu ya tsince burbushin ƙarfe, in ba haka ba motar injin ce za ta tsince shi. Bishiyoyi ku dasa su rukuni-rukuni, manya a gaba, ƙanana a baya, tebur zai yi kamar ya ƙara zurfi. Wanda ya kalli hotunan Miniatur Wunderland da ke Hambug a Jamus, wanda aka buɗe a 2001 a wannan ma'auni na 1:87, zai lura cewa duk girmansa, irin waɗannan ƙananan dabaru ne suke riƙe da ido.

Hawan tudu lissafi ne. Kada layi ya tashi fiye da santimita 2 a kowace mita, 3 in wuri ya matse. Don jirgi ya haye saman wani layi a HO ana buƙatar tsayin kusan santimita 8, kin ga mita huɗu ke nan na hawa. In teburinku bai kai ba, ku bar layin a kwance, ku ɗaga ƙasar da ke gefensa, ku zurfafa kwari a ƙarƙashin gada. Ido zai ga tudu da gangara, injin kuma ba zai wahala ba.

Shawarata mafi ƙarfi gare ku da mai tambaya ta farko: kafin ɗigon gam ko filasta ya taɓa tebur, jirgi ya yi makonni yana zagaya tsiraran katako, gaba da baya, a guje da a hankali, da kowane tarago, har sai ba ya tuntuɓe ko'ina. Gyaran da zai ɗauki minti biyar a tsiraran katako yakan zama rushe dutse in an riga an ƙawata.

Tambaya: Na ƙara layi mai zagayowa ya dawo kan wanda ya fito, don jirgi ya juya kansa. Da na kunna sai wuta ta ɗauke. Ko in koma DCC (tsarin da ake aika wa kowane inji umarni da lambarsa ta cikin layi) zai warware?

Amsa: Ba zai warware da kansa ba, ɗan'uwa. Bi ƙarfen dama da yatsa har ya zagayo, za ka ga ya dawo ya haɗu da na hagu, wutar biyu ta gamu ke nan. Yanke ƙarafan biyu a mashiga da mafitar zagayen, ka sa gaɓoɓin roba, sashen da ka ware kuma ya fi jirginka mafi tsawo tsayi. A tsohon tsari, wanda ba DCC ba, za ka sa makunni mai sauya wuta ka riƙa juyawa da hannu. A DCC, tsarin da ya samo asali daga kamfanin Lenz na Jamus, akwai 'yar na'ura da take sauyawar da kanta da zarar ƙafa ta taka gaɓar. Amfanin DCC na gaske shi ne tuƙa jirage da yawa a layi ɗaya, kowane inji da lambarsa, amma ya fi tsohon tsari ƙin datti, don umarnin ma ta cikin ƙarfen yake bi. In inji ɗaya gare ka, makunnin ya ishe ka.