Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Cuku da Madara ga Mai Juna Biyu

Tambaya daga Jega: Likita, cikina wata biyar, kuma kwaɗayin awara ya dame ni. Ko akwai matsala?

Amsa: Babu, Malama. Awara daga waken suya ake yin ta, ba daga madara ba. Ki ci ta da zafinta, ki guji wadda ta yini a buɗe ƙuda yana bi.

Tambaya daga Birnin Kebbi: Maigidana yana sayo mini cukun kanti, mai kusurwa uku da ke cikin kwali. In ci?

Amsa: Ki ci, domin an dafa shi a masana'anta, ki dai duba ranar lalacewarsa. Wanda za ki bari sai bayan haihuwa shi ne mai taushi da farin ɓawo, irin su Brie da Camembert, sai fa idan an dafa shi har ya yi tururi.

Tambaya daga Argungu: Surukata tana da shanu, tana aiko mini da ɗanyar madara da cuku. Ta ce tafasawa tana kashe albarkar madara, kuma tsamin nono yana kashe kowace cuta. Da na nuna tsoro, maƙwabciyata ta ce in fasa kafso ja da rawaya in zuba a ciki.

Amsa: Zan fara da kafson, domin shi ya fi ɓata mini rai. Wannan magani, tetrasaikilin, ba na mai ciki ba ne sam: yana rina haƙoran jariri tun kafin su fito, yana kuma taɓa ginin ƙashinsa. Ban da haka, zuba shi a ƙwarya ba ya tsarkake madara. Don Allah kada ki gwada, ki kuma faɗa wa maƙwabciyar taki ta daina bayar da wannan shawara.

Ita kuwa Inna, surukar taki, alheri take nufi, kuma kina buƙatar madarar, tunda jikin mai ciki yana neman sinadarin kalsiyam kimanin miligiram 1,000 a kullum. Sai dai saniya tana iya zama lafiyayya a ido alhali madararta na ɗauke da tarin fuka na shanu, ko bakkale, cutar nan da makiyaya suka sani tana sa saniya ɓari, wadda a jikin mutum take zuwa da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare, da ciwon gaɓoɓi. Akwai kuma ƙwayar listeriya, wadda take kama mai ciki kusan ninki 10 fiye da sauran mutane. Uwa tana iya jin ɗan zazzaɓi da ciwon jiki kawai, ta ɗauka maleriya ce ta sayi magani a kemis, alhali cutar ta bi ta mabiyiya ta kai ga ɗan tayi, ta jawo ɓari ko haihuwar bakwaini ko mutuwar jariri a ciki. Alamunta suna iya jinkirta har wata biyu bayan an ci abin, kuma tana hayayyafa ko a cikin firiji.

Tsami yana rage ƙwayoyin cuta, amma ba ya gamawa da su. Wuta ce take gamawa da su, kuma ba ta ƙone kalsiyam. Ki tafasa madarar har ta taso, ki bar ta ta huce a rufe, sannan ki zuba ɗan kindirmo mai tsabta ta kwana ta kama. Cukun kuma, ko da an dafa shi wajen haɗawa da ruwan tumfafiya, yakan yini a cikin ruwa hannuwa suna shiga, saboda haka ki soya shi ko ki sa shi a miya ya dahu har cikinsa. Idan kina jin nauyin Inna, ki sa maigidanki ya ce mata umarnin asibiti ne.

Idan kin riga kin sha ɗanyar madarar, duk ranar da kika ji zazzaɓi, ko motsin yaro ya ragu, ko kika ga jini, ki tafi asibiti a ranar, ki kuma gaya wa ma'aikata abin da kika sha. Kada ki jira ranar awo.

Tambaya daga Kamba: Busasshen cukun da ake kawowa daga Nijar fa?

Amsa: Yawanci da ɗanyar madara ake yin sa, kuma shanya ba dahuwa ba ce. Ki gasa shi sosai ko ki daka ki zuba a kunu yana kan wuta. Idan zazzaɓi ya biyo baya, ke ma asibiti za ki nufa, ba kemis ba.